Ƙararrawa ta Biyar da ta Shida

Tsakiyar damina na tafi, a shekarar nan da ruwa ya ƙi ɗaukewa har katangar su Hajiya Talatu ta zube. Shekara ce mai nauyi a wajena. Ba wani babban abu ne ya faru ba, kwanakin ne kawai suka yi tsawo. Tun da autana ya tare da matarsa a Sharaɗa gidan ya yi min girma, in dafa tuwo ya kwana, in ɗumama ya sake kwana. Tun da na dawo kuma matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba ku bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni Amurka, a gidan gaisuwa ma a matso a rage murya a tambaye ni Amurka. Kowane lokaci sai na mance wani abu, shi ne na sayi littafi na ce bari in rubuta sau ɗaya. Wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri, kun san inda karatuna ya tsaya.

Jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari, wadda kun san ba na faɗin sunanta, nas ce a wani asibiti a New York. Shekara goma sha biyu da haihuwarta ta fari, sai ga Allah ya sake kawo rabo, ta ce ba ta da mai yi mata wanka. Rabona da ita shekara tara. Rabona da 'yarta Ruƙayya ma haka, tana da shekara uku na yi mata ganin ƙarshe. In an miƙa mata waya sai ta ce ina wuni ta gudu. In faɗi gaskiya, ita na fi ɗokin gani, fiye da wanda ke cikin ciki.

Zancen biza ba zan ja shi ba. Na je Abuja, na tsaya gaban gilashi, wata Baturiya ta tambaye ni me zai dawo da ni gida. Na ce ɗakina da kajina. Wani tafinta da ke wurin ya fassara mata, ta yi murmushi ta karɓi fasfo.

Jirgi biyu na hau. A na biyun aka zaunar da ni tsakanin taga da wani ƙato mai barci, ban tashi ba har muka sauka don kada in tashe shi. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba, taga ta ce azahar. Na rasa wanda zan bi, na yi sallolina a zaune na ce Allah ya san matafiyi.

A filin jirginsu wani ma'aikaci ya zo da ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Duk jakunkunan mutane ya wuce su, ya zo ya zauna a gaban tawa kamar ya san ni. Aka kai ni gefe aka buɗe. Kilishi aka ɗauke, wai nama ba ya shiga ƙasar. Kuka da busasshiyar kuɓewa aka duba aka mayar. Daddawa, ma'aikacin ya buɗe ya rufe da sauri. Sai aka zo kan kanwa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a tebur, ya dube ni. Na ce kunu. Bai gane ba, ya kira tafinta a waya ya miƙo min. Daga jin harshen mai maganar na san mutumin Nijar ne.

"Hajiya, muna lahiya? Wai wanga dutsi, mi za ki yi da shi?"

"Kanwa ce, ɗan nan. Jego na zo."

"Ayyo. Ja ce ko ungurnu?"

"Ungurnu."

"Wallahi Hajiya, da kusa nike da na roƙi kaɗan."

Ya yi wa ma'aikacin bayani mai tsawo da Turanci, aka mayar min da kanwata.

A waje surukina ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, har wata mata ta tsaya ta zaci faɗuwa ya yi. A bayansa ga yarinya doguwa siririya, da ɗan kwali, da wata waya ta ƙarfe a haƙoranta, irin wadda likitoci ke sawa don haƙora su miƙe. Ta yi min murmushi.

To a nan na yi ɓarnar. Na yi mata abin da kowaccenku za ta yi wa jikarta. Na riƙe haɓa na ce, "Wannan ce ƙawar tawa? Kai, mummuna! Dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Ba a ba ki abinci ne? La ila, har da linzami aka sa miki kamar doki!"

Na tsaya ina jiran ta rama. A Kano da tuni an ce min, ke tsohuwa, naki haƙoran nawa suka rage? Ita sai ta rufe bakinta, ta juya ta kama jakata ta yi gaba. Hausa tana jin ta sarai, mayarwar ce ba ta yi. Wasan kaka da jika ne ba ta sani ba.

Da muka keɓe uwarta ta ce, "Umma, da ƙarfen nan 'yan makarantarsu suke tsokanarta. Ta daɗe ba ta yi dariya da baki buɗe ba, yau ta yi miki." Ta je ta yi wa yarinyar bayanin al'ada, ta dawo ta ce wai Ruƙayya ta tambaye ta, in ana son mutum me ya sa za a ce masa mummuna?

Gidansu a Bronx yake, unguwar da ake kira Concourse Village, hawa na goma sha huɗu. Ɗaki biyu ne da falo. Ni da Ruƙayya ɗaki ɗaya, tsakanin gadona da nata taku ɗaya. Ban taɓa zama kusa da mutum haka kuma nesa da shi haka ba. Da safe ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata, ta toshe kunnuwanta da abin jin waƙa. In na tambaye ta abu ta amsa da Turanci, ko ta ɗaga kafaɗa. Ba ta kira ni da kowane suna.

Zaman surukuta ma a irin wannan gida aiki ne. Banɗaki ɗaya, teburin cin abinci ɗaya. Ni ba na iya cin abinci a gabansa, shi ma ba ya iya ci a gabana, sai muka riƙa kewaye juna kamar masu ɓuya. In ina da magana da shi in faɗa wa matarsa, shi ma haka, alhali muna jin numfashin juna. A lifta kuwa, ɗan akwatin nan da ke hawa da mutane bene, ba a gaisuwa. Kwana uku ina yi wa mutane sannu suna kallon takalmansu, na daina.

Kwanana tara da zuwa uwar Ruƙayya ta haihu, namiji. Ganyen wanka muka samo a shagon wani Malam Isuhu a Morrisania, busasshen darbejiya a leda, har da gero da tsamiya yana da su. Na yi mata wanka a baho, na dama kunun kanwa. Ranar da na kunna turaren wuta wani farin abu a silin ya fasa ihu, maƙwabta suka fito, surukina ya hau kujera ya kashe shi, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ragon suna ban gan shi ba. A wata gona aka yanka, aka nuna min hotonsa a waya, naman ya zo a kwali. Taron kuma aka ɗaga shi zuwa Asabar, don ranar aiki ba mai zuwa. Tuwo na garin shinkafa ake yi, ba laifi, amma ba ya riƙe ciki.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne yarinyar. Tikitina na wata uku ne. Na fara ganin zan koma Kano ban san jikata ba, ita ma ba ta san ni ba sai a matsayin tsohuwar da ta zage ta a filin jirgi. A shekaruna kuma ban san ko zan sake tsayawa gaban gilashin nan na Abuja ba.

Da aka koma makaranta sai aka rasa mai raka ta wani wuri da take zuwa Talata da Alhamis bayan an tashi. Uban yana aiki, uwar ba ta yi arba'in ba. Aka ce ni. Na tambayi me ake yi a can, uwarta ta ce, "Ƙararrawa suke kaɗawa, Umma. Amma ba waƙa ba ce, wai lissafi ne. Ni ma ban gane ba."

Wani ɗan ɗaki ne a bayan laburaren unguwa. A ciki muka tarar da wata tsohuwar Baturiya, Misis Elin, ta haura tamanin, da malamar lissafi ce. Ita ta koya wa yaran makarantar su Ruƙayya abin, duk suka watse sai Ruƙayya kaɗai. A kan tebur ga ƙararrawa shida na tagulla, kowacce da mariƙin fata, daga ƙarama mai siririyar murya har babba mai kauri. Mutum uku ke kaɗa su, kowa biyu. Na ukunsu wani dattijo ne, an yi masa aiki a kafaɗa, ba zai dawo da wuri ba. Sun zauna su biyu da ƙararrawa huɗu, biyu na kwance.

Ni na samu kujera a lungu na fito da carbina. Misis Elin ta dube ni, ta dubi ƙararrawan nan biyu, ta yi wa Ruƙayya magana. Ruƙayya ta ce no. Wannan kalmar na san ta. Tsohuwar ba ta kula ta ba, ta taso da kanta ta sa min ta biyar a hannun dama, ta shida a hagu, manyan ke nan. Ta nuna min: a ɗaga sama ta yi kuka sau ɗaya, a sauke ƙasa ta yi sau ɗaya. Ruƙayya na da ta ɗaya da ta biyu, Misis Elin tana da ta uku da ta huɗu. Muka zauna gwiwa da gwiwa.

Da farko a jere ake bi, ɗaya biyu uku huɗu biyar shida, daga ƙarama zuwa babba, a sake, a sake. Wannan bai ba ni wuya ba. Duk wadda ta yi daka da mutum uku a turmi ɗaya ta san yadda ake saka taɓarya a gurbin da aka bar mata, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Misis Elin ta buɗe ido, ta yi ta magana da sauri tana nuna ni. Na dubi Ruƙayya don ta fassara. Ta ce, "Wai da kyau." Maganar ta fi haka tsawo, amma abin da na samu ke nan.

Sai aka kawo takarda. A nan na gode wa Malama Hadiza da ta sha wahalarmu a aji, don lamba ba ta da yare. Ga abin da na gani, har yanzu takardar na jakata:

1 2 3 4 5 6
2 1 4 3 6 5
2 4 1 6 3 5
4 2 6 1 5 3

Haka har layi goma sha biyu, a dawo inda aka fara. Ƙa'idar ita ce, kowace ƙararrawa taku ɗaya kawai take matsawa, ko gaba ko baya, kuma ba a maimaita layin da aka riga aka kaɗa. Ba a kallon takarda lokacin kaɗawa, a ka ake riƙewa. Misis Elin ta ɗauki jan biro ta bi lamba shida daga layi zuwa layi, sai ga zare ya karkata ya tafi har bakin hagu, ya juyo ya dawo dama. Ta bi sauran da wasu launuka. Na duba na ce, ai wannan kitso ne. Kowane sili ya haye maƙwabcinsa, ya je gefe, ya dawo. Na kama gezar mayafina na kitsa mata ta gani. Ta tafa hannu. Ruƙayya ta kalli gezar, ta kalle ni, ta kau da kai.

Ganewa daban, yi daban. Hannu biyu, kowanne da hanyarsa, kai ɗaya. Sati uku muna abu ɗaya, kuma kullum a wuri ɗaya muke rushewa, wajen layi na shida. Sai a ji shiru, sai kowa ya kaɗa tare, ƙarar ta zama kamar an zubar da kwanuka. Misis Elin ta ce a sake. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ruƙayya kuwa ta riƙa fitar da numfashi da ƙarfi tana kallon silin. Na san a ranta cewa take tsohuwar nan ta ɓata mata fuska, yanzu ta zo tana ɓata mata abin da take so. Na ce wa uwarta ko in daina. Ta ce, "In kin daina su biyu ne, Umma, ba za su iya shida ba."

Ana nan Misis Elin ta gayyace mu mu ga manyan. Ashe abin da muke yi da hannu, asalinsa a hasumiya ake yi, a wani tsohon coci can ƙasan Manhattan. Na san wasunku za su tsaya a nan. Ni ma na tsaya. Surukina ya aiko matarsa ta ce min ba lokacin ibadarsu ba ne, gwaji suke yi, kallo ba laifi, amma kada yarinyar ta ja igiya. Ni ba malama ba ce, abin da aka ce shi muka yi.

Ranar wata Asabar da rana muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matakalar hasumiyar siririya ce, tana murɗawa, sau uku ina tsayawa gwiwoyina na gaishe ni. A sama ga ɗaki, igiyoyi sun sauko ta silin a kewaye, kowacce da wani wuri mai laushi mai launi inda ake kamawa. Ƙararrawan ba a ganin su, suna can sama. Aka ce babbar ta fi ƙaramar mota nauyi. A nan kowa igiya ɗaya gare shi. Na ga kamar jan ruwa a rijiya, sai dai a rijiya kai ke jan guga, a nan kuwa in ka ja ka saki, ƙararrawar ce ke fizgar igiyar sama, wanda ya riƙe lokacin da ya kamata ya saki sai ta ɗaga shi. Kuma sai ka ja da ɗan jimawa sannan kukan ya fito. Ba mai murmushi, ba mai kallon sama, idanu kawai ke yawo daga igiya zuwa igiya. Akwai tsoho mai farin gemu, akwai budurwa da wando, akwai baƙar fata, akwai ɗan Sin. Ƙarar har cikin haƙarƙarina.

Ruƙayya ta taɓa min hannu, ta nuna min budurwar nan, ta nuna tsohon. Ban gane abin da take nufi ba. Na dai ga wani lokaci budurwar ke fara ja, wani lokaci tsohon ne na ƙarshe.

A jirgin komawa muka samu wuri muka zauna. Mun wuce tasha uku sai na ji an ce, "Kaka."

Na ce, "Na'am."

Ta daɗe tana haɗa kalmomin. Hausarta kamar mai tafiya a kan duwatsun rafi. "Ke kina jira. Kullum. In ke ce farko, ba kya yi. Kina jira Misis Elin ta yi."

"Ai ta girme ni," na ce. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Gaskiyarta ne. A layi na shida ne ta shida ke isowa gaba, ta yi farko sau biyu, ta biyar ta karɓa ita ma sau biyu. Sau huɗu a jere ni ce mai buɗe layi. Ni kuwa hannuna sai ya tsaya yana sauraron wani ya fara. Ban san ina yi ba. Tun ina yarinya in za a yi daka yayata ke fara saka taɓarya. Ban taɓa sa hannu a kwano kafin babba ba, ban taɓa shiga ƙofa kafin babba ba, shekara sittin da wani abu.

Na ce, "Ba a shiga gaban babba, haka aka koya mana."

"A ƙararrawa babu babba. Kowa yana je gaba, kowa yana je baya. In kin jira, duka mun faɗi. Filis, Kaka. Kawai ki yi."

Na ce to.

Jirgin ya yi ta tafiya. Wani ya shigo yana sayar da alewa, ya wuce. Sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Me ya sa kika ce ni doki?"

Na gaya mata kakata kwaɗo take kirana har ta rasu, ni kuma in ce mata mai bakin tsohuwar jaka, kuma ita ke ɓoye min ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Na ce a wajenmu ba a yabon kyan yaro a gaban mutane saboda baki. In kaka ta ga jikarta ta yi kyau har ta ji tsoro, sai ta ce mummuna.

"Mami ta faɗa min," ta ce. "Amma ya yi zafi."

"Ya yi zafi. Ban san da 'yan makarantarku ba. Ki yafe min."

Ban taɓa neman gafarar yaro ba sai ranar. Jirgin ya fito daga rami ya hau sama, haske ya shigo, ta ce, "Nan za mu sauka."

Ranar Talata ta faɗa wa Misis Elin dalilin. Tsohuwar ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge. Ruƙayya ta fassara, wannan karon duka: wai shekararta sittin tana koyarwa, ta ga masu gaggawa, ta ga masu tsoro, ba ta taɓa ganin wanda ladabi ya hana shi ba. Wai ta yafe min girman, in wuce gabanta duk lokacin da layi ya kawo ni. Muka ɗauka. Da layi na shida ya zo na ji hannuna zai tsaya, sai Ruƙayya ta ce, "Yanzu!" Na kaɗa cikin shirun nan ni kaɗai, kamar mai yin sallama a gidan da ba kowa. Sai ga sauran sun biyo ni. Muka kai goma sha biyu muka dawo ɗaya biyu uku huɗu biyar shida.

Daga nan aka ƙara mana wani mai layi sittin. Shi ma kitson ne, sai dai duk lokacin da ƙaramar ta iso gaba, sauran sai su yi ɗan taku baya su musanya, don kada a koma gida da wuri. Wannan Ruƙayya ta fi so, don ba ta taɓa kai shi ƙarshe da ta ɗaya da ta biyu ba. A gida ba mu da ƙararrawa, da manyan yatsu ake gwaji, a ɗaga a sauke. Bayan la'asar sai mu zauna a bakin gadajenmu, ita ta riƙa faɗin lambobin Misis Elin da baki. Uwarta ta leƙo da jariri a kafaɗa ta ce, "Ku kuma lafiya?" Ruƙayya ta ce mata da Hausa, "Mami, kina dame mu." Uwar ta tsaya da baki buɗe, ta ja ƙofa a hankali.

Ba zan ce muku mun zama ƙawaye ba. Maganarmu duk ta ƙararrawa ce: kin yi sauri, kin makara, hagu ne ba dama ba. In na ɗauko zancen Kano sai ta yi shiru. Ni ma ban sake tsokanarta ba, ina taka-tsantsan da ita kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce a raina ko wannan ma ya isa, an dai yi magana.

Sanyi ya shigo, ganyaye suka zube, aka saya min wata ƙatuwar riga mai kama da katifa. Jirgina ranar Asabar ne. Tun Laraba na ɗaure kayana, har rigar na cusa a ƙasan jaka na ce a ba wa mai bukata a gida, ranar Alhamis na ari ta uwarta. Shi ne zuwanmu na ƙarshe. Misis Elin ta kawo biskit da shayi a fulas.

Sau biyu muna rushewa tun kafin layi na talatin, sau ɗaya ni, sau ɗaya Ruƙayya. Lokacin ɗakin ya kusa ƙarewa, mai shara ya riga ya leƙo. Misis Elin ta ce sau ɗaya ya rage. Muka ɗauka. Wannan karon ya tafi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba na ƙirga, ba na tunani, gurbi na buɗewa ina sakawa. Na wuce gaba na dawo, na sake wucewa. Na ji mun kusa, don ƙarar ta fara kama da ta farko. Sai zuciyata ta ce, jibi war haka kina sama. Daidai nan hannuwana suka musanya aiki, dama ta ɗauki hanyar hagu. Ban ma sani ba. Muka iso ƙarshe, sai na ji ɗaya biyu uku huɗu shida biyar.

Misis Elin ta ajiye nata a cinya, ta girgiza kai tana murmushi. A ƙa'idarsu wannan bai shiga lissafi ba.

Ni dai na ce Allah bai nufa ba, na fara neman mayafina. Ruƙayya ce ta miƙe tsaye, ƙararrawa a hannu, hawaye na zuba.

"Kin ɓata! Saura kaɗan, kin ɓata! Ke tsohuwa, hannu biyu ne kawai, hagu da dama, shi ma ba ki sani ba?"

Misis Elin ba ta jin Hausa, amma ta ji muryar, ta fara cewa Ruki, Ruki. Na ɗaga mata hannu na ce ta bar ta.

Na ce, "Ke da kika rushe mu a na biyu fa, mai idon kuka?"

"Sau ɗaya! Ke sau ɗari!" Ta goge hanci da bayan hannu. "Ba za ki tafi ba. Ba mu gama ba. Wa zai riƙe biyar da shida? Wa zai kwana a gadon?"

Na ce kajina na jirana.

"Kaji ba su san ki ba ma," ta ce.

Muka sha shayin ya huce. A hanya ta saƙala hannunta a nawa har lifta, wai don kada in faɗi, tunda ban san hagu da dama ba.

Abin da ya sa ba ku gan ni ranar da na ce muku ba ke nan. Washegari da safe, bayan na idar da salla, na ji surukina a kicin yana haɗa shayi kafin ya fita. Ban aiki matarsa ba. Na tsaya a bayan ƙofa na yi gyaran murya, na ce masa in ana iya ɗaga tikitin nan a ɗaga. Ya ce, "Zuwa yaushe, Umma?" Na ce ya tambayi 'yarsa. Na koma ɗaki na kwance jakar, na zaro rigar sanyin daga ƙasa na rataye ta a bayan ƙofa.